Ƙarar giya a tsohuwar akori-kura mai otomatik: abin da ya kamata ka sani kafin a sauke

"Oga, sai an sauke giya." Ba kasafai mai akori-kura ke jin maganar da ke faɗar masa da gaba irin wannan ba. Sauke giyar otomatik aiki ne mai cin lokaci, kayan cikinta na da tsada, kuma idan hannun da ya buɗe ta bai ƙware ba, motar na iya barin gareji da ciwon da ya fi wanda ta shigo da shi.

Sai dai ƙarar da ake ji lokacin canjin giya ba lallai ne daga cikin giyar take fitowa ba. Akori-kura doguwar mota ce. Ƙarfin injinta sai ya bi ta giya, ya bi ta furofela, ya shiga aksil na baya kafin ya isa taya, idan kuma mai jan ƙafa huɗu ce, akwai giyar ogzilari a tsakani. Duk lokacin da giya ta canja, waɗannan ƙarafan gaba ɗaya suna jin fizgar, kuma duk wanda ya yi sako-sako a cikinsu zai yi magana. Sau da yawa maganin bai wuce giris ba, ko robar da ta mutu, ko mai da ya yi ƙasa. Shi ya sa binciken ke da tsari: a fara da kunne, a duba mai, a leƙa ƙarƙashin mota, a sa kwamfuta, sannan a zo maganar sifana.

Abin da ke cikin akwatin

A motar hannu, direba ne ke taka kuloci ya ɗauko giya. A otomatik, mai ne ke yin wannan aiki. Tsakanin inji da giya akwai wani kewayayyen gwangwani cike da mai, kwanbata, wadda injin ke juyawa, man cikinta kuma ya juya giya. Ita ce ke ba ka damar tsayawa a D ba tare da inji ya mutu ba. Idan mota ta miƙe hanya, akwai wani ƙaramin kuloci a cikinta da ke kamawa ya haɗe inji da giya kai tsaye, don rage shan mai da zafi.

Bayan kwanbata akwai famfo, wanda ke tura mai da ƙarfi muddin inji na aiki. Man yana bi ta wani faifan ƙarfe mai ƙananan hanyoyi da bawul-bawul, ƙwaƙwalwar mota kuma tana buɗe su tana rufewa ta hanyar wasu makunnai na lantarki, solonoyid. Inda aka tura man, can yake matse jerin faranta masu laushin fuska, waɗanda kanikawa ke kira faiba. Matsewar faiba ɗaya da sakin wata shi ne canjin giya. Can ciki kuma haƙoran giya ne ke juyawa a kan boris.

Wato mai ɗaya ne ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke matse faiba, shi ke shafe haƙora, shi ke kwashe zafi. Da ya ragu ko ya lalace, komai sai ya rikice.

Tambayoyi uku kafin ka je gareji

Ta farko, kuma mafi muhimmanci: me ƙarar take bi? Ƙarar mota iri uku ce. Akwai wadda ke bin juyin inji, akwai wadda ke bin gudun mota, akwai kuma wadda ba ta zuwa sai a daidai lokacin canji.

Gane su ba wuya. Tsaya a fili, ka ja burkin hannu, ka bar giya a P, ka kashe rediyo da na'urar sanyi, ka ɗan taka totur ka saki. Idan ƙarar na tashi tana sauka tare da inji alhali mota na tsaye, to ba furofela ba ce, ba aksil ba ne, ba boris ɗin taya ba ne, domin babu ɗayansu da ke juyawa. Saura inji, famfon giya, kwanbata da farantin da ke haɗa su. Daga nan ka danne burki sosai ka sa D, ka saurara, ka sa R, ka saurara. Sannan ka hau hanya. Idan ƙarar na ƙaruwa da gudun mota, ba ruwanta da giyar da kake ciki, kuma allurar juyin inji ta faɗi bayan canji amma ita ƙarar ba ta faɗi ba, to ka nemi laifin daga bayan giya zuwa taya.

Ta biyu: da sanyi take yi ko da zafi? Ƙarar da ke zuwa da safe ta ɓace bayan tafiyar minti goma tana nuni ga mai da ya yi kauri, ko ya yi ƙasa, ko matacin man giya da ya fara toshewa. Wadda ba ta bayyana sai mota ta yi zafi tana nuni ga mai da ya tsinke, ko robobin ciki da suka gaji suna sakin matsi.

Ta uku: a wace giya? Daga ɗaya zuwa biyu ne, ko lokacin da take saukowa kana shirin tsayawa? Da kaya a baya ko ba kaya? Yawancin motocin nan suna da L da 2, ko S, inda za ka iya riƙe giya guda ka saurare ta ita kaɗai. Ka rubuta abin da ka ji, ko ka ɗauki sautin da waya. Bakanike da aka ba wannan bayani ya riga ya yi rabin aiki.

"Gau" lokacin shiga D ko R

Wannan ita ce ƙarar da aka fi kai ƙara a kanta, kuma ita ce aka fi ɗora wa giya laifinta ba da haƙƙi ba.

Fara da furofela. A kowane ƙarshenta akwai kuros, wani ƙarfe mai hannu huɗu da ƙananan boris a kowane hannu. Idan ya bushe ya ci, sai ya bar rata, kuma duk lokacin da ƙarfi ya juya daga gaba zuwa ribas, ratar ce ke bugawa. A hau rami, a kashe inji, a sa wa tayoyi waigi, a ja burkin hannu, a mai da giya N, sannan a kama furofelar da hannu biyu a murɗa ta dama da hagu, a girgiza ta sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan. Jan ƙura mai kalar tsatsa a kewayen hannunsa alama ce ta cewa boris ɗin ciki sun bushe suna niƙewa. Idan furofelar mai gida biyu ce, a duba boris ɗin tsakiya da robar da ke riƙe shi.

Akwai kuma wurin da furofela ke zamewa ciki da waje yayin da sifirin ke lotsawa. Idan giris ya ƙare a nan, sai ya riƙa maƙalewa yana saki. Alamarsa sananniya ce a wajen masu Hilux da Tacoma da Tundra: ka taka burki ka tsaya, bayan daƙiƙa ɗaya ka ji an dunguri motar daga baya, ko ka ji dungurin da zarar ka saki burki. Yawancin furofelar Hilux na da kawunan ɗura giris, amma ana iya shekara ana juyen baƙin mai ba wanda ya waiwaye su.

Sai robobin da inji da giya ke zaune a kansu. Mutum ɗaya ya zauna ciki ya danne burki da ƙarfi, burkin hannu a jaye, ya sa D ya ɗan taɓa totur, ya koma R ya yi haka. Ɗayan ya tsaya daga gefe, ba daga gaba ba, yana kallon inji. Ɗan motsi ba laifi ba ne, amma injin da ke ɗagowa yana komawa da bugu robarsa ta yanke. Haka kuma a duba kusoshin da suka ɗaure sifirin da aksil da robobin kan sifirin, domin motar da ta sha lodin buhuna da bulo a nan take fara gajiya. Aksil ɗin kansa idan haƙoransa sun ci yana barin rata mai bugawa.

Abu biyu kuma ba ciwo ba ne. Idan ka faka a gangare ka sa P ba ka ja burkin hannu ba, nauyin motar duka yana komawa kan wani ɗan ƙugiya da ke kulle giya, fitar da ita daga P kuwa sai da "gau". Ka riƙa jan burkin hannu tukuna, motar ta zauna a kansa, sannan ka sa P. Na biyu, injin da ke gudu sama-sama yana tsaye, kamar da sanyin safiya, dole shigar giya ta zo da ɗan bugu. Inji mai ɗumi yakan zauna tsakanin juyi 600 da 800 a minti.

To yaushe ne bugun na giya ne? Idan akwai jinkiri kafin bugun. Littafin gyaran Toyota na giyoyin otomatik na akori-kura ya ba da ma'auni: daga N zuwa D kada ya kai daƙiƙa 1.2, daga N zuwa R kada ya kai daƙiƙa 1.5, a mota mai ɗumi. Idan ka sa D ka ƙirga uku, huɗu, sannan ta shiga da ƙarfi, matsin mai ne ba ya isa da wuri, kuma wannan magana ce ta cikin giya.

Kuka mai tsini

Kukan da ke bin juyin inji a P da N da D duka, galibi famfo ne. Amma kafin a yanke wa famfo hukunci a duba abin da yake sha. Idan mai ya yi ƙasa ko matacin ya toshe, famfon na zuƙar iska tare da mai, ya yi ta kuka, man ya yi kumfa. Famfon sitiyari da altaneta su ma suna irin wannan kuka, saboda haka a tabbatar daga ina sautin ke fitowa, gaban inji ko ƙarƙashin kujera.

Kukan da ke zuwa idan ka sa D ko R kana danne da burki, ya ɓace a P da N, ya fi kama da boris ɗin cikin kwanbata.

Kukan da ke cikin wasu giyoyi ya ɓace a wata guda yana nuni ga haƙoran ciki. Dalili kuwa shi ne, a yawancin giyoyin akwai mataki ɗaya da haƙoran ke kullewa su juya a dunƙule, ba sa taunar juna. A tsohuwar giyar Toyota mai hawa huɗu, A340, giya ta uku ce. A mai hawa biyar, A750, da mai hawa shida da ke cikin Hilux ƙirar 2015 zuwa sama, ta huɗu ce. Idan ana kuka a ɗaya da biyu, aka yi tsit a wannan mataki, to an kusa gano mai laifi.

Shi kuwa gurnanin da ke bin gudun mota yana da nasa alamomin. Idan yana canja murya sa'ad da ka taka totur da sa'ad da ka ɗaga ƙafa, aksil ne. Idan yana ƙaruwa lokacin da ka karkata sitiyari gefe ɗaya, boris ɗin taya ne. Tayoyi masu manyan haƙora, irin na shiga daji, su ma suna gurnani a kan kwalta ko da komai lafiya.

Kakkarwa a tsakiyar gudu

Kana tafiya wajen kilomita 60 zuwa 80 a awa, ƙafarka a kan totur sama-sama, sai motar ta ɗauki rawa kamar ka hau gargada, alhali kwaltar sumul take. Bayan 'yan daƙiƙu ta daina. Wannan yawanci kulocin cikin kwanbata ne ke kamawa yana zamewa maimakon ya kama gaba ɗaya. A motoci da yawa, idan ka riƙe totur yadda yake ka ɗan taɓa burki da ƙafar hagu daidai yadda fitilar burki za ta kama, ƙwaƙwalwa za ta saki kulocin. Idan rawar ta tsaya nan take, an samu alama mai ƙarfi. Ka yi wannan gwajin a hanyar da ba kowa a bayanka.

Akwai tarko a nan. Lokacin da kulocin ya haɗe inji da giya, duk wata tangarɗar inji kai tsaye take isa jikin mota. Fulogi da ya gaji, kwayil mai rauni, ko nozul ɗin dizal da ya fara toshewa, duk suna kawo rawar da ke kama da ta kwanbata. An sha canja kwanbata a banza saboda fulogi. A tabbatar da lafiyar inji tukuna. Idan kuwa kwanbatar ce da gaske kuma abin bai yi nisa ba, sau da yawa sabon mai na ainihi yana kashe rawar.

Inji ya yi ihu, mota ba ta ja ba

Wannan ita ce alamar da ba a wasa da ita. A lokacin canji, maimakon allurar juyin inji ta faɗi, sai ta yi tsalle sama, inji ya yi ihu, sannan giya ta kama da bugu. Ma'anarsa faibar da ta saki ta saki, wadda ya kamata ta karɓa ba ta karɓa da wuri ba. Dalilin na iya zama ƙarancin mai, solonoyid da ya gaji, bawul da ya maƙale, ko faibar ce ta cinye. Ukun farko ana gyara su ba tare da an sauke giya ba, ta hanyar ƙara mai ko cire farantin ƙasan giya kawai. Amma kowace zamewa tana ƙona fuskar faiba, don haka wanda ya ci gaba da lodi a haka yana mai da ƙaramin gyara babba da ƙafarsa.

Ƙwas-ƙwas da gurza

Ƙwas-ƙwas mai bin juyin inji daga daidai mahaɗar inji da giya na iya zama farantin da ke ɗauke da kwanbata ne ya tsage, ko kusoshinsa sun kwance. Yakan canja sauti ko ya ɓace idan an sa giya. Wasu kan ɗauka inji ne ya buga. A motoci da yawa akwai ɗan murfi a ƙasa da ake cirewa a haska fitila. Kafin nan a ƙwanƙwasa gwangwanayen kare zafi da ke jikin salansa, domin guda ɗaya da ya kwance ya isa ya tayar da hankali.

A mota mai jan ƙafa huɗu, a duba ko an manta ta a 4H. Irin na Hilux ba a yi shi don busasshiyar kwalta ba. Tayoyin gaba da na baya na kulle da juna, a kwana sai motar ta riƙa turjewa tana bugawa.

Gurza kuwa, ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, musamman idan ta zo da warin ƙuna ko mota ta ƙi ja, umarni ɗaya take bayarwa: a tsaya. Kuma kada a ɗaura igiya a ja ta tafiya mai nisa tayoyin baya na ƙasa. Famfon giya da inji yake aiki, idan inji a kashe yake kayan ciki na juyawa ne ba mai. A ɗora ta a kan wata motar, ko a kwance furofela.

Abin da mai ke faɗa

A motocin da ke da sandar geji, mafi yawansu ana auna man giya ne inji na aiki, mota ta yi ɗumi, tana tsaye a wuri mai daidai, bayan an bi da giya ta kowane mataki an dawo P. Ka goga man a farin tsumma. Ja mai haske lafiyayye ne. Ruwan ƙasa ya tsufa. Baƙi mai warin ƙuna yana nufin faiba ta sha wuta. Mai kumfa ya yi ƙasa ko an cika shi ya wuce layi, domin yawansa ma illa ne. Idan kuma ya koma ruwan hoda mai kauri, fari-fari, ruwa ya shiga.

Ruwa na shiga ta hanya biyu. A motoci da yawa man giya na bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce, idan bututun ya fashe sai ruwan lagireto ya gauraya da shi. Hanya ta biyu ita ce ambaliya ko tsallaka rafi, inda ruwa ke bi ta bututun numfashin giya. Ruwa yana ɓamɓare fuskar faiba, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Duk motar da ta kwana a cikin ruwa, irin ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, a duba man giyarta da na aksil kafin ta koma aiki.

Sababbin motoci da yawa ba su da sandar geji. Ana auna nasu ne ta wani ƙusa a jikin farantin ƙasa, a wani takamaiman zafi da kwamfuta ke nunawa. Wanda ya auna da ka, zai bar shi ƙasa ko ya cika.

Kuma ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Toyota na da T-IV na tsofaffin giyoyi da WS na waɗanda suka biyo baya, ba a musanya su. Ford mai hawa shida Mercon LV take sha, mai hawa goma kuma Mercon ULV. Abin da aka rubuta a littafin mota ko a kan sandar geji shi ne hukunci. Man da ba nata ba, ko jabu, yana kawo bugu da kakkarwa ko da giyar sabuwa ce. A nan dai araha ba ta ado.

Zafi shi ne babban abokin gabar wannan mai. Akori-kura da ke ɗauke da lodi a rairayi, ko tana jan tirela a zafin Afrilu na Sakkwato ko Zinder inda ma'auni ke haura digiri 40, manta zai tsufa da wuri fiye da na motar da ke zirga-zirgar ofis. Juyen mai ta farantin ƙasa galibi ƙasa da rabi yake fitarwa, sauran na cikin kwanbata, shi ya sa ake maimaitawa bayan an ɗan yi tafiya. Idan man ya riga ya ƙone kuma giya na zamewa, sabon mai ba zai dawo da faibar da ta cinye ba.

Cire farantin ƙasa shi ne bincike mafi araha da ke nuna gaskiyar ciki. Akwai maganaɗisu a kwance a cikinsa. Laushin toka mai santsi a jikinsu ba komai ba ne, cin yau da gobe ne. Ɓarɓashin ƙarfe da za ka ji da yatsa, ƙyalli mai ruwan tagulla, ko baƙaƙen ɓawo masu yawa, su ne shaidar cewa ciki ya lalace. Ka tsaya a buɗe a gabanka, gani ya kori ji.

Abin da kwamfuta ke faɗa

Tun daga 1996 duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka suna da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari na karanta laifi, sauran ƙasashe kuma suka biyo baya. Lambar P0700 tana cewa ne kawai ƙwaƙwalwar giya na da ƙorafi, sai an shiga ciki a ga ainihinsa, kuma ƙananan na'urori masu araha ba duka ke iya shiga ba. P0715 da P0720 na na'urorin auna gudu ne na shiga da na fita. P0730 na nufin lissafin giya bai daidaita ba, wato akwai zamewa. P0741 na kulocin kwanbata ne. P0750 da makwabtanta na solonoyid ne.

Lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. Lambar solonoyid na iya zama wayar da ɓera ya ci ko soket da ruwa ya shiga. Idan ƙwaƙwalwa ta ga abin da ba ta gane ba, takan kulle mota a giya guda ta ƙara matsin mai, sai kowace shiga ta zo da bugu. Wannan kariya ce, ba mutuwar giya ba. Batir mai rauni ma na rikita canji. A wasu motocin, bayan an cire batir ko an goge ƙwaƙwalwa, canji kan yi tsauri na ɗan lokaci har ta sake koyon giyar. Kada ka yarda a goge lamba kafin a rubuta ta.

Kowace mota da halinta

Sanin tarihin ƙirar motarka yana rage lalube. Nissan Frontier na Amurka ƙirar 2005 zuwa 2010, tare da Pathfinder da Xterra, sun yi suna wajen fashewar bututun cikin lagireto da ke gauraya ruwa da man giya. A watan Fabrairun 2019 Ford ya yi kiranyen F-150 kusan miliyan 1.5 ƙirar 2011 zuwa 2013 masu hawa shida, saboda saƙon na'urar auna gudu na ɗaukewa motar ta faɗa giya ta ɗaya ba zato, gyaran kuwa sabunta manhajar ƙwaƙwalwa ne. Giyar mai hawa goma da Ford da General Motors suka ƙera tare, wadda ta shiga F-150 a ƙirar 2017, tana tsallake wasu matakai da gangan, don haka tsallaken kaɗai ba laifi ba ne, ko da yake an yi ta ƙorafin bugunta. Silverado da Colorado masu hawa takwas na wajajen 2015 zuwa 2019 an san su da kakkarwar kwanbata, kuma matakin farko da kamfanin ya bayar shi ne canja mai zuwa wani sabon nau'i.

Idan motar daga Amurka ta fito, lambar jikinta mai harafi da lamba 17 tana ba ka damar duba shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, ka ga ko akwai kiranyen da ba a yi mata ba. Da lambar ce kuma ake binciko ko gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya ta fito.

Idan saye za ka yi

Ka je da safe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa bonet ka tabbatar. Ka gwada shigar D da R da sanyi. Ka tuƙa ta aƙalla minti ashirin zuwa talatin, a cikin gari da kan babbar hanya, har ta yi zafi sosai, sannan ka sake gwada D da R. Ka bi da ita duk giyoyinta a hankali, ka kuma danne totur sau ɗaya ka ji yadda take saukowa. Ka gwada ogzilari a kan ƙasa, ba kwalta ba. Ka lura ko fitilar gargaɗin inji na kamawa idan an murɗa makulli kafin tayarwa, domin wadda ba ta kamawa sam wataƙila an kashe ta ne. Sabon mai fes a tsohuwar mota ba laifi ba ne, amma ka tambayi dalili. Dillalin da ya ce "ai haka suke yi" game da jinkiri ko zamewa, ka nemi wata irinta ka tuƙa ka kwatanta.

Yaushe sauke giya ya zama dole

Idan an sami ɓarɓashin ƙarfe a farantin ƙasa, ko giya na zamewa bayan an tabbatar mai daidai yake kuma solonoyid da wayoyi lafiya, ko wani mataki ya ɓace gaba ɗaya, ko ruwa ya daɗe a ciki, ko kuma farantin haɗi ko kwanbata ko famfo ne za a canja, to babu makawa. A nan zaɓi biyu ne: a gyara taka, ko a sa ta hannu daga kasuwar kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Idan ta hannu ce, a tabbatar lambarta ta dace da ƙirar motarka, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Ko wanne aka zaɓa, a wanke bututan sanyaya mai ko a canja su, in ba haka ba dattin tsohuwar giya zai koma cikin sabuwa.

Kafin ka amince, ka yi wa bakanike tambayoyi huɗu: ya man yake, me kwamfuta ta nuna, an duba furofela da robobi, me aka gani a farantin ƙasa? Wanda ya san aikinsa zai amsa su ba tare da ɓacin rai ba, ya kuma nuna maka da hannu. Wanda ya ce daga jin ƙara kawai ya san sai an sauke, ka yi masa godiya, ka nemi ra'ayi na biyu.